Darasi na Goma Sha Bakwai: Sake Salansar Motar Alfarma Domin Daɗin Amo

A shekara ta 1958 kamfanin Rolls-Royce na Ingila ya buga wata talla a jaridun Amurka, wadda wani gwanin tsara talla mai suna David Ogilvy ya rubuta masa, babban abin da aka yi tinƙaho da shi a cikinta kuwa shi ne, in motar tana gudun mil 60 a sa'a, babu ƙarar da ta fi ta agogon lantarkin da ke gaban direba tashi a cikinta. Abin da ma'abota dukiya na wancan zamani suka ɗauka alfarma ke nan, watau mota ta wuce ka ba ka sani ba sai ka hangi bayanta. Da aka yi shekara hamsin da 'yan kai, sai ga kamfanin Toyota na Japan ya fito da wata mota mai suna Lexus LFA, wadda guda 500 kaɗai aka ƙera tsakanin 2010 da 2012, ya kuwa gayyato masanan sauti na Yamaha, gidan da ya shahara da ƙera kayan kiɗa, suka duƙufa suna daidaita muryar injinta har sai da ta yi musu yadda suke so. Motocin nan biyu dukansu na alfarma ne, dukansu kuma an zuba dukiya da hikima a kan abin da kunne zai ji daga gare su, sai dai kowace da maƙasudinta.

A yau akwai masu motocin tsada da yawa, a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, har ma da biranenmu irin su Abuja da Kano da Yamai, waɗanda ba su gamsu da muryar da motarsu ta zo da ita daga masana'anta ba, suna kai ta gareji a sake mata salansa. Tun da yake a cikinku akwai makanikai da masu walda da direbobin manyan mutane, waɗanda ko ba jima ko ba daɗe wannan aiki zai zo hannunsu, ya wajaba mu tsaya mu fahimci asalinsa, domin galibin ɓarnar da ake yi a cikinsa jahiltar mas'ala guda ke jawo ta. Mutane suna zaton salansa ce ke yin amon mota, alhali kuwa a cikin inji ake haifar amon, ita salansa iyakar aikinta ta tace shi, ta danne wani sashi, ta bar wani ya fita.

Asalin amo

Injin fetur yana aiki ne bisa tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876, wanda a cikinsa fistan yake tafiya huɗu kafin aiki ya cika: ya sauka ya shaƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, kana ya sake hawa ya kore hayaƙi. A daidai lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, iskar da ke cikin silinda tana nan a matse ainun, da zafin da kan kai digiri 800 ko fiye idan inji yana shan aiki, saboda haka ba ta fita a hankali, sai ta faɗa cikin bututu da bugu guda. Wannan bugu, idan ya yi ta maimaituwa sau ɗari ko ɗari biyu a sakan ɗaya, shi ne kunne yake haɗawa ya ji shi amo guda.

Lissafin abin ba wuya gare shi, ina kuma so kowa ya hardace shi. Kowace silinda tana fashewa sau ɗaya a cikin juyi biyu na karanshaf. To, idan inji mai silinda 4 yana juyi 3,000 a minti, watau juyi 50 a sakan, bugunsa 100 ke nan a sakan. Mai silinda 8 a wannan gudu bugunsa 200. Mai silinda 12 kuwa 300. Gwargwadon yawan bugu, gwargwadon sirantar murya da tashinta sama. Injin LFA ɗin da muka ambata silinda 10 gare shi, yana kuma kaiwa juyi 9,000 a minti, bugu 750 ke nan a sakan, shi ya sa kukansa yake da kaifin da babu motar gida da za ta kwaikwaya. Wanda ya riƙe wannan lissafi ya san amsar da zai ba mai mota mai silinda huɗu idan ya zo yana neman a mai da muryarta ta Ferrari mai silinda goma sha biyu, domin babu bututu a duniya da zai ƙara bugun da inji bai yi ba.

Akwai kuma wata mas'ala da ta fi wannan zurfi, wadda ta cancanci a dakata a kanta. Ana iya samun motoci biyu, kowace da silinda 8, girman injinsu ɗaya, amma ɗaya tana gurnani daga maƙoshi, ɗayar kuwa tana tsala ihu, sirrin kuwa yana ga siffar karanshaf. Silindojin nan takwas an raba su sahu biyu, huɗu dama huɗu hagu, kowane sahu da bututunsa. A injunan Ferrari masu silinda 8, gwiwoyin karanshaf suna kwance ne a shimfiɗa guda, saboda haka fashewa tana zuwa dama, hagu, dama, hagu, ba saɓani, kowane bututu yana karɓar bugunsa a tazara daidai wa daida, murya ta fito sumul, siririya, mai kaifi. A mafi yawan injunan Amurka kuwa, da na Mercedes-AMG da na Range Rover, gwiwoyin sun gicciye juna ne, siffar da kamfanin Cadillac ya shigo da ita kasuwa a 1923 domin rage girgiza, sai ya zama wani lokaci silinda biyu na sahu guda sun fashe a jere, tazarar bugu a bututu ɗaya ta riƙa zuwa gajera, matsakaiciya, doguwa. Wannan ɗingishin shi ne gurnanin da ake sha'awa, har ake biyan miliyoyi domin a fito da shi fili. Abin mamaki, rashin daidaiton da mai lissafi zai gani aibi ne, shi ne kunnen ɗan Adam ya ƙaunata.

Me ya sa to motocin zamanin nan, duk da ƙarfinsu, muryarsu ba ta kai ta magabatansu ba? Babban sababi shi ne na'urar turbo, wadda ake dasawa a kan hanyar hayaƙi domin ya juya farfelarta ta cusa wa inji iska, ita kuwa farfelar tana daddatsa bugun nan tana cinye ƙarfinsa tun bai isa bututu ba. Mercedes-AMG sun fito da inji mai lita 6.2 marar turbo a 2006, wanda har yau masu kunne ke yabon muryarsa, daga baya suka koma mai lita 5.5 da turbo biyu, sa'an nan mai lita 4. A tseren motoci na Formula One ma, da aka bar injuna masu silinda 8 a 2014 aka koma masu silinda 6 da turbo, 'yan kallo sun yi ta ƙorafin cewa an kashe musu amo. Daga wajen 2018 kuma dokokin Tarayyar Turai suka sa aka ƙara wa motocin fetur da yawa matacin toka a cikin salansa, murya ta daɗa dushewa. Har ta kai kamfanin BMW, a motarsa M5 ta 2011, ya riƙa sako amon inji ta lasifikokin cikin mota domin direba ya ji daɗi. Ni dai a ganina wannan yaudarar kai ce, ko da yake maƙwabta ba su da abin cewa a kanta.

Abin da ke ƙarƙashin mota

Mu sauka cikin ramin gareji da fitila a hannu, mu bi hanyar hayaƙi daga gaba zuwa baya. Da farko akwai manifol, tarin bututun da ke manne da kan inji suna tattaro hayaƙin silindoji. In akwai turbo, tana biye da shi. Daga nan sai matatar hayaƙi, wadda makanikanmu ke kira indomi, da sensa ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta. Sai ƙaramar tukunya ta tsakiya. Sai babbar tukunya ta baya. A ƙarshe bakin bututu mai walƙiya da ke leƙowa ƙarƙashin bamba, wanda shi ne kowa ke kallo, shi ne kuma mafi ƙarancin tasiri ga murya.

Duk wanda ya sami tsohuwar tukunyar salansa a wurin masu gwangwan, ya sa abin yanka ya tsaga ta biyu, zai ga ɗayan abu biyu. Ko dai ya tarar an kasa cikinta ɗaki-ɗaki da faifan ƙarfe, bututu ya shigo ya ƙare a ɗaki na uku, wani ya ɗauka daga nan ya komo na farko, wani kuma ya fita da shi waje, ta yadda amo zai yi ta karo da bango yana komowa yana cin karo da ɗan'uwansa da ke tafe, su kashe juna. Ko kuwa ya tarar da bututu guda miƙaƙƙe, an huhhuda jikinsa da ɗaruruwan ƙananan ramuka, an naɗe shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe, wanda ya yi baƙi ƙirin da toka. Irin ta farko ta fi iya danne murya mai kauri, ita ce kuma masana'antu suka fi sawa. Irin ta biyu tana shanye siririn amo mai tsaga kunne, ta bar mai kaurin ya wuce, ba ta kuma tare hayaƙi sosai, shi ya sa masu neman amo suka fi karkata gare ta. Sai dai audugar nan tana ƙonewa tana fita da kaɗan kaɗan, har tukunyar da ta fara da murya mai daɗi ta wayi gari tana ƙarar gwangwani.

Tsawon bututu da faɗinsa su ma suna da hannu a cikin murya, kamar yadda kowa ya san kakakin fada, saboda tsawonsa, yana da amo mai kauri da nisa wanda gajeriyar sarewa ba ta da shi, alhali numfashin mutum ɗaya ne ke busa su. Haka nan a motoci masu bututu biyu akan haɗa su a tsakiya da ɗan gajeren bututu a gicciye, mai siffar harafin H, wanda ke riƙe kaurin gurnani, ko kuwa a sa su ratsa juna da siffar harafin X, wanda ke gauraya bugun sahu biyu ya sa murya ta yi santsi ta ɗaga sama.

Matakan canji

Ƙa'idar da gwanayen wannan sana'a suka ginu a kanta ita ce a fara daga baya, a tafi gaba da sannu, domin gwargwadon kusantar inji, gwargwadon tsadar aiki da girman haɗarinsa. Mataki mafi sauƙi shi ne a sake tukunyar baya kaɗai, wanda kusoshi 'yan kaɗan ne, ana kuma iya mai da tsohuwar a yini guda. Na biye shi ne a sake dukan abin da ke bayan matatar hayaƙi, bututu da tukwane, wannan kuwa shi ne aikin da mashahuran kamfanoni suka fi sayarwa, irin su Akrapovič na ƙasar Sulobeniya, da Tubi Style da ke Maranello a Italiya, gari ɗaya da Ferrari, da Borla na Amurka. Waɗannan suna ƙera wa kowane samfurin mota nasa, bayan gwaji mai tsawo, abin da ake biya a wurinsu kuwa rabinsa kuɗin ƙarfe ne, rabinsa kuɗin kunnen da ya saurara. Abin da ya wuce nan, watau taɓa manifol ko bututun da ke fitowa daga turbo, ya riga ya shiga hurumin kwamfutar mota, ba aikin da za a yi a gindin bishiya ba ne.

Mafi hikimar abin da aka ƙago a wannan fanni, a nawa hukuncin, ita ce salansa mai bawul. A cikinta hanya biyu ce, ɗaya ta ratsa ɗakunan tukunya, ɗaya miƙaƙƙiya, da wani ɗan faifai da ke buɗewa da rufewa da lantarki ko da zuƙar iskar inji. In direba ya fito da asuba a cikin unguwa, ya bar shi rufe, motar ta fita shiru. In ya hau buɗaɗɗiyar hanya, ya danna maɓalli. Motocin Porsche da Ferrari da Jaguar da yawa da irinta suke zuwa tun daga masana'anta, saboda haka kafin a kwance kome sai a duba, kada a je ana neman abin da yake nan a rufe.

Sau da yawa za ku ga saurayi ya shigo gareji da motar da mahaifinsa ya saya masa, ya ce, "Malam, so nake in na taka ta a ji ni tun daga bakin layi." Makaniken kirki ba ya ɗaukar abin yanka nan take. Sai ya ce, "Yallaɓai, a ji ka ai abu ne mai sauƙi, ko yanzu na huda tukunyar nan da ƙusa za a ji ka. Amma gaya mini, kana doguwar tafiya da ita? Iyali suna shiga baya?" Tambayar nan ba ta neman dogon zance ba ce, tana da dalili, dalilin kuwa shi ne gunji.

Gunji

Gunji shi ne wani amo mai kauri, marar hawa marar sauka, da ke cika cikin mota idan ana tafiya a gudu guda na tsawon lokaci, galibi sa'ad da inji yake tsakanin juyi 1,500 da 2,500 a minti, watau daidai inda mota mai giya da yawa take zama a kan babbar hanya. A bakin gareji ba a jinsa, domin can taka totur ake yi a saki, kowa na murmushi. Sai an kama hanyar Kaduna zuwa Abuja, an yi rabin sa'a, mutum ya ji kunnuwansa sun toshe, kansa ya yi nauyi, na kujerar baya suna ɗaga murya kafin su ji juna, sa'an nan ya gane abin da ya saya. Sababinsa shi ne bugun inji ya dace da tsawon bututu da kuma girman ɗakin motar, su uku suka riƙa amsa wa juna. Tukunyar tsakiya da masana'anta ta sa, wadda jahilin makanike ke cirewa yana cewa ba ta da amfani, domin kashe wannan amo aka auna ta.

Maganinsa yana ga ilmin da Bajamushe Hermann von Helmholtz ya bayyana a littafinsa na 1863 kan yadda kunne ke jin sauti. Kowa ya gwada wannan a gida: ya ɗauki kwalbar lemo wofi ya hura iska a gefen bakinta, zai ji amo guda, ya zuba ruwa zuwa rabi ya sake hurawa, zai ji amon ya sirance. Kowane rufaffen wuri mai wuya yana da amon da yake amsawa, idan kuwa aka liƙa irin wannan wuri a gefen bututun hayaƙi, sai ya kama wannan amon kaɗai ya raunana shi, sauran su wuce.

Akwai hanya mafi sauƙi ga mai walda, ita ce a dasa reshen bututu a gefe, a toshe ƙarshensa, tsawonsa ya zama rubu'in tsawon zangon amon da ake son kashewa, ta yadda amo zai shiga ya bugi toshiyar ya komo a daidai lokacin da zai ci karo da mai bi masa. Alal misali, mota mai silinda 8 tana gunji a juyi 1,800 a minti: juyi 30 ke nan a sakan, bugu 120. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan cikin iska mai matsakaicin zafi. A raba 343 da 120, a sami kusan mita 2.86, rubu'insa santimita 71 da ɗoriya. Amma da yake sauti ya fi sauri a cikin iska mai zafi, reshen zai buƙaci ya fi haka tsawo, shi ya sa masu basira ke yin sa bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, su riƙa ja suna gwadawa a kan hanya, sai gunji ya mutu kana su yi walda.

Faɗin bututu da irin ƙarfe

Wani zato da ya yaɗu shi ne, duk yadda aka faɗaɗa bututu haka ƙarfin mota zai ƙaru. Haƙiƙa ƙuntataccen bututu yana shaƙe inji, amma wanda ya yi faɗi fiye da kima yana sa hayaƙi ya yi sanyin gudu, alhali kuwa saurin kowane bugu shi ke barin gurbi a bayansa da ke taimakawa wajen zuƙo hayaƙin silinda ta gaba. Sai mota ta rasa ƙarfin tashi daga tsaye, mai ita kuwa, da yake ƙara ta cika masa kunne, ya rantse ta fi da gudu. Bilhasali, ƙarfin da ake samu daga sake salansar baya kaɗan ne ƙwarai a motar alfarma, domin masu ita ba su yi rowar bututu ba tun farko.

Game da ƙarfe, baƙin ƙarfe na kasuwa tsatsa ke cinye shi daga ciki, saboda hayaƙi yana ɗauke da tururin ruwa. Wanda ba ya tsatsa iri-iri ne, mai lamba 304, wanda ke da kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ya fi mai lamba 409 jimiri. Titaniyam kuwa nauyinsa bai wuce rabin na ƙarfe da kaɗan ba, yana da amo mai kaifi, amma in ya tsage sai wanda yake da waldar iskar argon da gwaninta a kanta, waldar kabaid ba ta yi masa. A kuma lura da lanƙwasa, kada bututu ya motse a gwiwa. A lura da robobin rataya, domin salansa tana ƙara tsawo in ta yi zafi, wadda aka ɗaure tamau kuwa tsagewa za ta yi. A bar tazara tsakaninta da tankin mai da tiyon burki. A kuma tuna da tuddan rage gudu na titunanmu.

Matatar hayaƙi

A nan ba ni da sassauci. Matatar nan, wadda ta zama gama-gari a motocin Amurka tun daga 1975, dunƙulen yumɓu ne mai dubban ƙananan hanyoyi, an shafe su da ma'adinai masu daraja uku, filatinam da faladiyam da rodiyam, aikinta kuwa ta mai da gubar hayaƙi iska mai sauƙin illa. Daga cikin gubar akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu ko fiye, ita ce dai ke hallaka iyali a ɗaki idan an kwana da janareto. Cire matatar yana ƙara amo, gaskiya ne, amma amo ne mai tsatsa da warin ɗanyen mai, sensar baya kuma za ta kai ƙara ga kwamfuta, fitilar gargaɗi ta kama ba ta mutuwa, ranar da wata cuta ta gaske ta sami inji babu mai sani.

Sanannen abu ne kuma a ƙasar nan cewa motoci da yawa, musamman 'yan Kwatano, an riga an farke matatarsu an sayar da cikinta saboda tsadar ma'adinan, wani lokaci ma ba da sanin mai motar ba. Makaniken da ya ba Alhaji shawarar a cire indomi domin mota ta sami numfashi, sa'an nan ya sa ta a buhu ya kai kasuwa, ya ci amana, ko da wane suna ya kira abin. Haka nan sabon yayin nan na taɓa kwamfuta domin mota ta riƙa harbi da tartsatsi idan an saki totur: ɗanyen mai ne ake turawa ya fashe a cikin bututu, yana narkar da matata, yana gajarta ran turbo, israfi ne tsantsa.

Mizani da haƙƙin jama'a

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel, wanda lissafinsa ba irin na mudu ba ne, domin ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sauti, ƙarin 10 kuwa shi kunne ke ji kamar an ninka ƙara. Masana lafiyar ma'aikata sun sa desibel 85 na sa'a takwas a matsayin haddin da ji ke fara lalacewa bayansa, wannan kuwa ya shafi makanike da ke yini a rami kafin ya shafi kowa. A Tarayyar Turai iyakar sabuwar motar gida ta kasance desibel 74 daga tsakiyar shekarun 1990, dokar 2014 ta saukar da ita daki-daki zuwa 72 da 70 har 68, da ɗan rangwame ga motoci masu tsananin ƙarfi. A jihar Kalifoniya ta Amurka salansar ƙaramar mota ba ta wuce 95, a awon da ake yi kusa da bakin bututu. Unguwar Kensington da Chelsea a Landan, inda 'ya'yan attajirai ke baje kolin motocinsu da rani, ta fara kafa kyamarori masu kunne a 2020, birnin Paris ma ya gwada irinsu a 2022. A Nijeriya hukumar NESREA tana da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009, ko da yake kowa ya san yadda aiwatarwa take.

Malamanmu na fiƙihu ba su jira kyamara ba. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya tattara hukunce-hukuncen malaman Malikiyya kan gine-gine, a ciki har da cutar da hayaƙi da wari da girgizar maniƙa ke yi wa maƙwabci, da lokacin da alƙali zai hana mai sana'a saboda ita. Mota mallakar mai ita ce, yana da ikon ƙawata ta yadda ya so, amma amonta yana tsallaka katanga ya tarar da majinyaci da jariri da mai sallar dare, waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Saboda haka idan aiki ya kammala, a auna shi kafin a miƙa makulli. A tsai da mota a fili nesa da bango, a riƙe ma'auni rabin mita daga bakin bututu, a karkace, ba saitin hayaƙi ba, a ɗaga inji zuwa juyi guda a riƙe, a rubuta abin da aka samu kafin canji da bayansa. Ma'aunin wayar hannu ma yana ba da kimantawa. A tayar da ita da sanyin safiya a saurara, domin a lokacin ne ta fi ƙara. A bi mahaɗai da hannu daga nesa kaɗan a ji ko hayaƙi na tsiyaya. A sanar da mai motar cewa canjin yana iya taɓa garantinsa da inshorarsa, sa'an nan a wanke tsohuwar salansa a ba shi ya adana, gama mai sayen motar alfarma ta hannu yakan tambaye ta, farashi kuma yakan faɗi idan babu ita.

Aikin gida

1. Inji mai silinda 6 yana juyi 2,400 a minti. Bugu nawa yake yi a sakan? Idan a nan yake gunji, reshe mai tsawon santimita nawa za ka fara gwadawa, me ya sa kuma za ka ƙara masa tsawo?

2. Ka samo tsohuwar tukunyar salansa, ka tsaga ta, ka zana hanyar da hayaƙi ke bi a cikinta, ka zo da zanen aji mako mai zuwa.

3. Wani ya kawo maka mota mai turbo da silinda 4, yana son gurnanin mai silinda 8, ya kuma ce a cire masa matata. Rubuta amsar da za ka ba shi, da hujjojinka, cikin ladabi.